Ilimi Kyauta, Magani Kyauta: Gurguzu Ne Ko Adalci?

Wata Lahadi bayan an tashi daga Misa na iske gardama ta kaure a gindin darbejiyar da ke bakin majami'a. Wani dattijo, tsohon malamin makaranta, yana ta yabon marigayi Cif Obafemi Awolowo saboda ilimi kyauta. Wani saurayi da bai daɗe da gama jami'a ba ya ce masa, "Baba, ai wannan tsantsar ra'ayin 'yan hagu ne, ƙanin gurguzu, kuma Ikilisiya ba ta yarda da gurguzu ba." Suka juyo gare ni, wai Fada ya raba gardama. Ban raba ba a ranar, domin na ga tambayar da kanta tana bukatar gyara kafin a amsa ta.

Kalmomin nan, hagu da dama, daga Faransa suka fito. A majalisar ƙasar ta 1789, magoya bayan sarki sun zauna a hannun daman shugaban majalisa, masu neman sauyi kuma suka zauna a hagunsa. Wurin zama ne kurum, amma sunan ya bi su har yau. Matsalar ita ce ma'aunin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wanda ya fara kafa inshorar lafiya ta dole domin ma'aikata a Jamus, a 1883, shi ne Bismarck, riƙaƙƙen ɗan mazan jiya wanda ya haramta ƙungiyoyin 'yan gurguzu shekaru biyar kafin nan. A Ingila jam'iyyar Leba ce ta buɗe asibitocin gwamnati ga kowa ba da biya ba a 1948, amma Magaret Tacha, wadda ta mulki ƙasar daga 1979 zuwa 1990 da aƙidar jari-hujja, ba ta rushe tsarin ba. Sa'ad da Bani Sandas ya nemi takarar shugabancin Amurka a 2016 da 2020, yana cewa gwamnati ta ɗauki nauyin jinyar kowa, sai aka ce ya wuce gona da iri. Abin da ake gudu a Amurka, a Ingila ruwan sha ne.

To, mu koma ga Awolowo. Shi da bakinsa ya kira kansa mai bin gurguzu irin na dimokuraɗiyya, saboda haka saurayin nan bai yi masa ƙage ba. Amma me ya aikata? A watan Janairu na 1955 gwamnatinsa ta Jihar Yamma ta soke kuɗin makarantar firamare. Yawan 'yan makaranta ya tashi daga kimanin 457,000 a 1954 zuwa sama da 800,000 a shekara ɗaya. Bai ƙwace gonakin koko daga hannun manoma ba, bai hana ciniki ba, makarantun mishan kuma suka ci gaba da aiki da taimakon kuɗi daga gwamnati. Kuma abin bai zo a banza ba. An ƙara wa mutane haraji domin ilimi da lafiya, jama'a suka yi gunaguni, har jam'iyyarsa ta sha kaye a hannun NCNC a cikin Yammar kanta a zaɓen tarayya na 1954. Ni dai ina girmama ɗan siyasar da ya faɗa wa mutane farashin alkawarinsa, ya kuma yarda ya yi hasarar ƙuri'u a kai. Irinsu ba su da yawa.

Labarin da ya fi taɓa mu Katolika ya faru ne a Jihar Gabas. A 1957 gwamnatin Dokta Azikiwe ta gwada irin wannan shiri, amma tana so sababbin makarantu su zama na ƙananan hukumomi, a taƙaita na mishan. Shugabannin Ikilisiyarmu suka ƙi, suka yi adawa mai zafi. Kuɗi kuma ya kasa, har a 1958 aka mayar da biyan kuɗin makaranta a wasu azuzuwa, mata suka fito zanga-zanga. Bayan yaƙin basasa, a 1970, gwamnatin Jihar Gabas ta Tsakiya ta karɓe makarantun mishan gaba ɗaya, sauran jihohi suka bi sahu cikin shekarun da suka biyo baya, har da namu na Arewa. Wanda ya karɓe su ba ɗan gurguzu ba ne. Mulkin soja ne. Dattawanmu da suka yi karatu a waɗannan makarantu sun san yadda suke a da, sun kuma ga yadda da yawa suka koma. Sai a 2011 Jihar Anambra ta mayar wa majami'u makarantunsu masu yawa.

Na daɗe ina tunani a kan wannan, kuma ba zan ɓoye ra'ayina ba. Iyayenmu na 1957 suna da gaskiya da suka ce tarbiyyar yaro ba ta gwamnati kaɗai ba ce, iyaye suna da iko su zaɓi inda ɗansu zai koyi karatu da tsoron Allah. Amma da a ce adawarsu ta tsaya a kan kare abin da ke hannunsu, alhali ɗan talaka yana kiwon awaki domin ubansa ba shi da sule biyar, da sun yi kuskure. Mu ma yau mu binciki kanmu. Akwai makarantu masu ɗauke da sunayen tsarkaka waɗanda ɗan katikis ba ya iya shiga saboda tsada. Wanda ya ƙi ilimi kyauta da sunan ƙin gurguzu, sai ya faɗa mana inda wannan yaro zai je.

Koyarwar Ikilisiya tana riƙe da igiya biyu a nan, ba ta sakin ko ɗaya. Paparoma Yohanna na 23, a wasiƙarsa ta 1963 a kan salama a duniya, ya lissafa jinya da ilimin farko cikin hakkokin kowane ɗan Adam, ba alfarmar mai mulki ba. Paparoma Piyus na 11 kuma, tun 1931, ya koyar cewa bai kamata babbar hukuma ta ƙwace aikin da iyali ko ƙaramar al'umma za su iya yi da kansu ba. Nata shi ne ta tallafa musu. Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya haɗa su biyun a 1991: akwai bukatun da kasuwa ba ta biya wa marar kuɗi, akwai kuma gwamnatin da ke kumbura da ofisoshi har ta manta da mutumin da aka kafa ta dominsa. Ɗan hagu zai ji daɗin rabin wannan, ɗan dama ya ji daɗin ɗaya rabin.

Saboda haka idan mai neman ƙuri'a ya zo da alkawarin magani kyauta da ilimi kyauta, auna nisansa zuwa hagu ba zai gaya mana kome ba. A tambaye shi daga ina kuɗin zai fito, wa zai biya, da nawa. A tambaye shi ko matar da ke naƙuda a ƙauye mai nisa da kwalta tana cikin lissafinsa, ko kuwa ma'aikatan birni kaɗai. A tambaye shi abin da zai yi da asibitocin mishan da makarantun al'umma, zai tallafa musu ne ko zai haɗiye su. A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi domin lafiya. Gwamnatin tarayyarmu ba ta taɓa kaiwa can ba, ko a hannun wace jam'iyya. A 2022 an sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga kowane ɗan Nijeriya, amma har yanzu yawancinmu daga aljihu muke biya a bakin tagar asibiti.

Lahadin da ta biyo baya na kai wa mutanen nan biyu wannan amsa. Dattijon ya ce ya yarda, sai dai shi har gobe Awolowo gwarzonsa ne. Saurayin ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Fada, to makarantar firamarenmu ta nan fa, nawa ake biya a zango?" Na faɗa masa. Ya ce zai kawo maganar a taron majalisar Ikilisiya na wata mai zuwa, ni kuwa na sa ta cikin ajanda.