Mutum Mai Kai Takwas

Shekara talatin ke nan muna tare, tun muna firamare, lokacin da yake zana malamanmu a bayan littafin lissafi ana zane shi da bulala. A watan jiya ya kawo mini kwafin gwaji na littafinsa na farko, wanda ke koyar da zanen jikin ɗan Adam, ya ce in rubuta 'yan kalmomi da za a sa a bangon baya. Babur ɗinsa ya sayar don ya tara kuɗin ɗab'i.

Wani zai zaci hukuncin zana mai rai ne ya hana ni barci. A'a, wannan magana ce da ya daɗe da yi da malamansa, ni kuma ban kai in sa baki ba. Damuwata tana babi na farko.

Littafin yana da kyau. Babin hannu kaɗai ya isa a saye shi: ya nuna yadda za ka fara da tafin hannu kamar ƙaramin akwati kafin ka dasa yatsu, da yadda tsawon hannu ke kusan daidai da fuska daga haɓa zuwa matsirar gashi. Na gwada a madubi, haka ne. Amma a babin farko ya ce tsayin mutum kai takwas ne, wato ka auna kansa ka jera sau takwas. Wannan ma'auni ya shahara ta littafin Andrew Loomis, mai zanen Amurka, na 1943. Sai dai Loomis bai ɓoye ba cewa yawancin mutane kai bakwai da rabi ne. Takwas ɗin don kyan gani ya zaɓa, shi da sana'arsa zanen talla da mujallu ce. Abokina ya ɗauki takwas ya bar wannan bayani. Duk mutanen littafin dogaye ne sambal, babu mai tumbi, babu tsohuwa mai rankwafo, babu ko ɗaya da za ka haɗu da shi a bakin kasuwa.

Ƙaramin abu ne? Ka tuna yarinyar da za ta zauna da fensir ta auna mahaifinta, ta ga bai cika ba. Littafi ba ya kuskure a wurinta, don haka mahaifin ne ke da naƙasu. Tun 1958 ɗaliban zane a Zariya, su Uche Okeke da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya don kada koyarwar Turai ta rufe musu ido daga mutanensu.

To, in faɗa masa? Mu mutanen kara ne, kuma ba na raina kara, ita ke riƙe zumunci inda gaskiya tsirara za ta tsinka shi. Na kwana biyu ina lallashin kaina cewa in yabi babin hannu in yi shiru kan sauran, ai ban yi ƙarya ba. Amma rubutun bangon baya ba abokina ne zai karanta ba, mai saye ne, wanda zai ga sunana ya ɗauka na duba. Da na ƙara tonawa kuma sai na ga shirun ba don shi nake son yi ba. Tsoron ganin fuskarsa ta canja nake yi, na sa wa tsoron suna kara.

Ranar Asabar na je na faɗa masa, tun littafin bai shiga maɗaba'a ba. Ya yi shiru ya zuba mana shayi.

"Kai da ko da'ira ba ka iya zanawa ba," ya ce.

Na ce gaskiya ne. Ya karɓi takardunsa ya tura ƙarƙashin matashi. Yau kwana tara bai kira ni ba, amma matarsa ta gaya wa uwargidana cewa ta ga yana auna maƙwabcinsu mai shago da fensir.