ASIRIN WA AKE RUFEWA?

Mu da muka daɗe muna riƙe da alli, babu littafin da muka raina kamar rajistar aji. Kullum safiya sai mu buɗe ta mu kira suna, wanda ya amsa mu yi masa alama, wanda bai amsa ba mu zana masa sifiri, mu rufe mu jefa cikin durowa. To, labarin wani gari a yammacin ƙasar Ayilan ya sa mun sake duban irin waɗannan littattafai da wani ido, ya kuma jefa mu cikin tunani game da abin nan da Bahaushe ke roƙo dare da rana, wato rufin asiri.

Sunan garin Tuam, a gundumar Galway. Daga 1925 zuwa 1961, sistocin ɗarikar Katolika na ƙungiyar Bon Secours sun gudanar da wani gida a can, inda ake kai 'yan matan da suka yi ciki ba aure. Yarinya za ta haihu, ta zauna kamar shekara guda tana aikin gidan, sannan a sallame ta, ɗan kuwa ya zauna har a sami mai riƙo. Ginin na hukumar gunduma ne, ita ce kuma ke biyan sistocin kuɗin kula da kowane kai. Bayan an rufe gidan aka rushe shi, aka yi rukunin gidaje a wurin. A 1975 wasu yara biyu suna wasa suka ɗaga wani falalen siminti, suka ga ƙasusuwa. Aka kira fada ya yi addu'a, aka mayar aka rufe, kowa ya kama gabansa.

Sai ga wata mata 'yar yankin, Catherine Corless, wadda ba farfesa ba ce, sha'awar tarihin garinsu kawai gare ta. Tana ƙarama sun yi makaranta ɗaya da yaran gidan, waɗanda ake ware su a gefen aji. Ita da bakinta ta ba da labarin yadda ta taɓa naɗe tsakuwa cikin takardar alewa ta miƙa wa ɗaya daga cikinsu don tsokana, abin da ya tsaya mata a rai har girma. Ta je ofishin rajistar haihuwa da mutuwa, ta riƙa biyan Yuro 4 a kan kowace takardar shaidar mutuwa ta yaran gidan. Da ta gwada sunayen da littattafan maƙabartun yankin, sai ta tarar da yara 796 waɗanda an rubuta mutuwarsu amma ba a rubuta inda aka binne su ba. Labarin ya game duniya a 2014. A 2017 masu bincike suka tabbatar da cewa akwai gawarwakin jarirai da ƙananan yara masu yawa cikin wani gini na ƙarƙashin ƙasa mai ɗakuna 20, wanda alamu suka nuna don ruwan masai aka yi shi tun asali.

Mai karatu, lura da wani abu a nan. Babu wanda ya ɓoye mutuwar yaran nan ga hukuma. An rubuta suna, an rubuta kwanan wata, an rubuta ciwo: ƙyanda, tarin fuka, tarin shiƙa, tamowa. Masu duba gidan ma sun je a 1947, sun ga yara a rame, sun rubuta rahoto. Takardun nan sun yi shekaru fiye da hamsin a ajiye, duk mai 'yan kuɗi kaɗan yana iya neman yawancinsu. Abin da aka rasa shi ne mai karantawa. Ashe rubuta abu ma wata hanya ce ta mantawa da shi: ka cika fom, ka sa hannu, ka ji kamar ka sauke nauyi. Mu malamai mun san wannan sarai. Sau nawa muka zana wa yarinya sifiri mako uku a jere ba mu tambayi ko lafiya ba?

Ba mu ɗauko maganar nan don mu yi wa sistoci kuɗin goro ba. Wasu sistocin daga Ayilan ɗin ne, na ƙungiyar St Louis, suka iso Kano a 1948, makarantarsu kuwa ta yaye 'yan mata masu yawa, Musulmi da Kirista. Ko a Tuam ɗin ma, ba sistoci suka yi wa 'yan matan ciki ba, ba su suka kore su daga gidajen iyayensu ba. Uba ne ya kai 'yarsa, saurayi ya gudu, fada ya nuna hanya, hukuma ta biya, maƙwabta suka kawar da kai. Sai dai yawan masu laifi ba ya wanke wanda aka damƙa wa amanar yaro a hannu, ya kasa ba shi ko da kabari. Ƙungiyar Bon Secours da kanta ta amsa wannan, ta nemi gafara a 2021.

A watan Janairun shekarar ne hukumar binciken da gwamnati ta kafa tun 2015 ta fitar da rahotonta kan gidaje 18. Mata kimanin 56,000 da yara kimanin 57,000 suka ratsa ta cikinsu, yara wajen 9,000 suka mutu. Firayim Minista Micheál Martin ya tashi a majalisa ya nemi afuwa da sunan ƙasa.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Waɗanda aka haifa a gidajen nan suka rayu, yanzu dattawa ne, da yawansu sun shekara suna neman takardar haihuwarsu ta asali ana hana su, ko a ba su fayil an shafe sunan uwa da baƙar tawada. Hujjar da ake ba su ita ce an yi wa uwayen alkawarin rufin asiri. Kada mu yi saurin watsi da wannan hujja. Mu ƙaddara tsohuwa ce 'yar shekara tamanin, ta yi aure, ta yi 'ya'ya da jikoki, mijinta ya rasu bai san komai ba. Rana ɗaya wasiƙa ta iso. Wa ya ba mu ikon tone mata abin da ta binne da hawaye? Mu da aka tarbiyyantar a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, dole jikinmu ya yi sanyi.

Amma a ɗaya gefen ga mutum ɗan shekara sittin, bai san sunan da uwarsa ta raɗa masa ba, likita ya tambaye shi ciwon da ke bin danginsu ya yi shiru. Shi ba a yi shawara da shi ba sa'ad da ake ƙulla alkawarin. Ita ma uwar, a mafi yawan lokuta, ba roƙon rufin asiri ta yi ba, ɗora mata aka yi, ta sa hannu tana yarinya, ba ta da wurin zuwa. Mu dai a ganinmu, labarin haihuwar mutum nasa ne kafin ya zama na kowa. Abin da uwa ke da haƙƙi a kansa shi ne ƙofar gidanta: tana iya cewa kada a zo. Kusan haka dokar Ayilan ta 2022 ta yanke, ta ba kowa damar karɓar takardunsa, ta kuma buɗe rajistar da uwa ko ɗa zai rubuta ko yana son saduwa ko ba ya so. Ba za mu ce ta share wa kowa hawaye ba.

Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne hukuma ta laɓe bayan zanen tsohuwar nan. Rufin asiri sutura ce da ake lulluɓa wa mai rauni. Idan mai ƙarfi ya ja ta ya rufa wa kansa, ta tashi daga sunanta. A 2020 aka yi ta ƙorafi a Ayilan da aka ji za a kulle takardun hukumar binciken har shekara 30, sai da gwamnati ta ja da baya. Daga baya kuma aka ji hukumar ta goge muryoyin shaidu kimanin 550 da ta naɗa, wai don kare sirrinsu, alhali da yawa daga cikinsu sun je ne musamman don a ji su. Allah ya sa aka sami kwafin da aka ajiye a wani wuri. A gidan Bessborough da ke Cork kuwa, yara 923 suka mutu, amma 64 kaɗai hukumar ta iya gano inda aka binne su. Asirin wace uwa ake rufewa da ɓacewar kabarin ɗanta?

A watan Yulin 2025 aka fara tonon wurin na Tuam gadan-gadan, da ƙiyasin aikin zai ci shekara biyu. Manufar ita ce a fito da ƙasusuwan, a gwada su da ƙwayoyin halittar dangin da suka rage, a binne su yadda ya kamata. Ƙasusuwan ƙanana ne, sun cakuɗe da juna, dangin da za a gwada da su kuwa yawancinsu tsofaffi ne. Sunayen da ake fatan a haɗa da ƙasusuwan su ne dai waɗanda wani akawu ya rubuta a rajista shekaru sittin zuwa ɗari da suka wuce.