Gizo-gizon da Ke Cin Ɗan'uwansa

Karatu: Galatiyawa 5:13-15

Idan kaka ta yi muka buɗe rumbu a ƙauyukanmu na Bichi ko Dambatta, mukan tarar da saƙar gizo a kowane lungu. Yawancin gizo-gizon nan abokan manomi ne, domin ƙwari suke ci. Amma akwai wani ƙarami, wanda bai fi ƙwayar dawa ba, da abincinsa shi ne gizo-gizo ɗan'uwansa. Masana sun same shi a Afirka da sauran sassan duniya.

Ba ya saƙa tarkon kansa. Yakan lallaɓa zuwa saƙar wani, ya riƙa taɓa zaren a hankali kamar ƙuda ne ya faɗa. Mai gida ya fito da murna, sai ya gamu da cizo a ƙafa, dafin kuma ya kwantar da shi nan take.

Yaya ake gane shi? Launi da girma ba sa taimakawa sosai. Masu bincike sukan duba ƙafafunsa na gaba, inda dogayen ƙayoyi suke jere, da gajeru a tsakaninsu. Sukan kuma lura da inda aka same shi: a gidan wani, yana jira.

Ga tambayar da ta dame ni. Mu da gona ke manne da gona, rijiya ɗaya, majami'a ɗaya, yaya za mu gane mai cutar ɗan'uwa ba tare da mun zargi kowa ba? Da ɗan gari akan ci gari. Wanda ya san damuwarka shi ya san zaren da zai taɓa. Yakan zo da "bari mu yi addu'a," gobe sirrinka yana kasuwa. Yakan ba gwauruwa rancen taki da damina, da kaka ya karɓe gonar.

Duk da haka, kama da wane ba ta wane ba. Wanda ya share dukan saƙa saboda gizo-gizo ɗaya ya bar hatsinsa ga ƙwari. Haka ikilisiyar da zargi ya cika, ba mai ƙara faɗa wa wani ciwonsa. Shi ya sa Ubangiji ya koya mana a Matiyu 7 mu duba abin da mutum ke haifarwa. Wannan yana bukatar haƙuri da lokaci, kamar jiran gero ya nuna.

Manzo Bulus kuwa bai gargaɗi Galatiyawa a kan baƙi kaɗai ba. Su da kansu ya ja wa kunne kan cizon juna. To, kafin ka duba ƙafafun maƙwabcinka, duba naka. Asirin wa ke hannunka yau? Iyakar gonar wa ka matsa bara? Je ka gyara kafin Lahadi.

Addu'a: Ya Uba, ka ba ni idon ganewa, ka kuma tsare ɗan'uwana daga harshena da hannuna. A cikin sunan Yesu, Amin.