Rinin Gashi Da Amanar Jiki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, rina furfura abu ne da shari'a ta yarda da shi. Ya zo a cikin Sahihu Muslim cewa ranar da aka buɗe Makka, a shekara ta 8 bayan hijira, an kawo Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyadina Abubakar, kansa da gemunsa fari fat, sai Manzon Allah (SAW) ya yi umurni a sāke launin furfurar, amma a nisanci baƙi. Shi kansa Sayyadina Abubakar da lalle da wani ganye da Larabawa ke kira katam yake rini. Saboda haka malamanmu na Malikiyya suka karhanta baƙin rini, Imamu Nawawi kuwa ya ƙarfafa haramcinsa.

To, amma rinin kanti na zamanin nan ya zo da wata matsala wadda ba ta launi ba ce. Galibin rini mai duhu yana ɗauke da wani sinadari da ake kira PPD, wanda kuma shi ne ake zubawa a cikin baƙin lalle, wato dayis, don zanen ya yi baƙi wuluk nan da nan. Akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓarsa. Bayan kwana ɗaya zuwa uku sai ƙaiƙayi ya taso, fata ta yi ƙuraje masu ruwa, fuska da fatar ido su kumbura. Wani ma, ko da yake ba a cika samu ba, maƙogwaronsa ke kumbura har numfashi ya gagara. Mutum kan yi shekaru yana shafawa lafiya lau, rana ɗaya jiki ya ƙi, kuma in ya ƙi, ya ƙi ke nan har abada. Wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta ƙayyade kada ya wuce kashi 2 cikin 100 na rinin da aka haɗa. A Sudan kuwa likitoci sun daɗe suna ba da labarin waɗanda suka sha shi, ƙodarsu ta lalace, wasu suka rasu.

Ƙa'ida ce tabbatacciya a fiƙihu cewa ba a cutar da kai, ba a cutar da wani. Don haka wanda rini ya taɓa kumbura masa fata, komawa gare shi ba ya halatta, ko da launinsa ja ne. Mai ƙunshi da mai aski kuma amana ce a wuyansu su faɗi abin da suka haɗa, balle in amarya ce ko ƙaramar yarinya aka kawo musu.

Wanda ya ƙudura yin rini, ya fara gwada kaɗan a bayan kunne ya jira awa 48 kamar yadda takardar kwalin ta ce, ya kuma ajiye ragowar nesa da yara. In numfashi ya sarƙe, a garzaya asibiti ba tare da jinkiri ba. Lallen gargajiya zalla, wanda ba a gauraya shi da kome ba, shi ya fi kusa da sunna, shi ya fi aminci.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya sa mu gama da duniya lafiya, amin.