Gunkin da Aka Saya da Sunan Ado

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Ya ku ƴan uwa ikhwani na Agye da Gazawa da Gidan Rumji, kayan da ƴan kasuwarmu ke ɗaukowa daga Dubai da Sin da Indiya sun cika shagunan Maraɗi da Kano, daga nan suke shigowa ɗakunan amarenmu. A cikinsu akan tarar da ƙananan mutum-mutumi na tagulla ko na roba, masu ƙyalli. Mai saye yakan ce ado ne, irin wanda yake gani a finafinan Indiya. To, ya kamata mu san abin da muke ajiyewa.

Wanda ke da jikin mutum da kan giwa, sunansa Ganesh. Mabiya addinin Hindu suna ɗaukarsa mai kawar da cikas, shi ya sa suke sa shi a ƙofar gida, suna kiran sunansa kafin su soma sabon aiki. Macen da ke kan furen bado, mai hannu huɗu, kuɗi na zuba daga tafinta, ita ce Lakshmi, wadda suke roƙo arziki, musamman a bikin Diwali. Mai riƙe da kayan kiɗa mai tsirkiya da littafi ita ce Saraswati, ta ilimi. Wanda ke rawa cikin zoben wuta kuwa Shiva ne: ƙaramar ganga mai kama da kalangu a hannu ɗaya tana nufin farkon halitta, wutar da ke ɗaya hannun tana nufin ƙarewarta. Suna kiran waɗannan siffofi murti, suna kunna musu fitila da turare, suna ajiye musu furanni. Kowane hannu da abin da ya riƙe aƙida ce aka sassaƙa. Buɗe ƙofa da arziki da ilimi da rayawa da kashewa kuwa, a wurinmu, na Allah ne Shi kaɗai, Al-Fattahu, Ar-Razzaƙu, Al-Alimu.

Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun bambance. Siffar mai rai wadda take da jiki har tana yin inuwa, gaɓoɓinta kuma cikakku, haramun ce. Zanen da ba shi da inuwa, a kan takarda ko yadi, hukuncinsa ya fi sauƙi. An yi rangwame ga ƴar tsana ta wasan yara mata. Wanda aka ƙera don bauta kuwa ya fi kowanne nauyi. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da irin waɗannan siffofi. A shekara ta 8 bayan Hijira, ranar buɗe Makka, gumaka 360 Manzon Allah (SAW) ya tarar kewaye da Ka'aba, bai bar ko ɗaya ba. Ya ɗan uwa mai lazimi safe da yamma, mai shimfiɗa farin ƙyalle lokacin wazifa, yaya za ka tsarkake tabarma ka bar gunki a saman kabad?

A cire shi cikin hikima. Kada miji ya tozarta matarsa don abin da ta saya cikin rashin sani, kada uwa ta kunyata ƴarta a gaban dangin miji. Ɗan kasuwa ya daina saro shi. Abin da ya bari don Allah, Allah zai musanya masa da mafi alheri. Kada kuma a zagi masu wannan addini, domin aya ta 108 a Suratul An'am ta hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa. Ado na halal yana da yawa: rubutun ayoyi, hoton Ka'aba da Koren Ƙubba, zanen itatuwa da furanni, faifai da ƙoren da aka yi wa zane.

Sai mu juyo kanmu. Ibnu Abbas ya bayyana cewa Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru, waɗanda Suratu Nuhu ta ambata, salihan bayi ne. Da suka rasu aka yi siffofinsu don tunawa. Da masu ilimi suka shuɗe, sai na baya suka bauta musu. Saboda haka hotunan shehunnanmu da muke ratayewa don ƙauna, kada a sa su a alƙibla, kada a roƙe su, a kuma koya wa yara cewa su bayin Allah ne masu nuna hanya zuwa gare Shi.

Mafi wuyar cirewa shi ne gunkin da ke cikin ƙirji. Son kuɗi da son girma da riya suna zaune a zukata da yawa waɗanda ɗakunansu babu ko mutum-mutumi ɗaya. Istigfari da salati da hailala su ne tsintsiyar wannan ɗaki, sai an dawwama a kansu yake tsarkaka.

Allah Ya tsarkake gidajenmu da zukatanmu, Ya dawwamar da mu a kan La'ilaha illallah har ƙarshen numfashi. Amin.