Gudun Asuba da Haƙƙin Gida: Wa Ke Biyan Lokacin?

Duk wanda ke fita da sassafe a 'yan shekarun nan ya ga abin da nake nufi. Da an sallame sallar asuba, hanyar Kagoro zuwa Kafanchan sai ta cika da masu gudu. A da samari ne kawai, masu shirin shiga soja ko ɗan sanda. Yanzu kuwa har da magidanta, wasu ma da furfura a gemu, wasu a ƙafa wasu a kan keke, wasu kuma ranar Asabar su nufi Dutsen Kagoro su hau. Akwai waɗanda abin ya shiga jininsu har sun fara zuwa gasa, su biya kuɗin mota zuwa Kaduna ko Jos ko Legas, su dawo da lambar ƙarfe a wuya da ciwon cinya.

A majalisu ana ta muhawara a kansu. Wasu na cewa ai lafiya uwar jiki, a bar mutum ya nemi lafiyarsa. Wasu na cewa magidanci mai 'ya'ya biyar yana tsere a titi da gajeren wando, wannan rashin aikin yi ne. Ni dai ina ganin duka ɓangarorin biyu sun tsallake ainihin tambayar. Tambayar ita ce: awannin da mutum ke kashewa a wannan atisaye, nasa ne shi kaɗai, ko akwai masu haƙƙi a cikinsu?

Bari mu ɗauki misali da wasan da ya fi kowanne cin lokaci, don a ga maganar a fili. Turawa na da wata gasa da suke kira tirayatilon, wato gasa uku a ɗaya: mutum ya yi iyo, ya fito daga ruwa ya hau keke, ya sauka daga keke ya kama gudu, ba hutu a tsakani. An fara ta a yanayin da aka san ta yau a birnin San Diyego na Amurka a 1974, ta kuma shiga wasannin Olamfik a birnin Sidni a shekarar 2000. Ta Olamfik iyon kilomita ɗaya da rabi ne, keke kilomita 40, gudu kilomita 10. Akwai kuma babbarta mai suna Ironman, wadda aka fara a Hawai a 1978: iyo kilomita 3.8, keke kilomita 180, sannan gudun yada-ƙanin-wani na kilomita 42. Abin mamakin shi ne yawancin masu shiga ba 'yan wasan sana'a ba ne. Malaman makaranta ne, ma'aikatan asibiti, 'yan kasuwa, masu mata da 'ya'ya kamar ni da kai. Kuma wanda zai shiga irin wannan babbar gasa yakan yi watanni yana atisayen awa goma ko fiye a kowane mako.

To mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Mako guda awa 168 ne. Cire barci, a ce awa bakwai kullum, 49 sun tafi. Cire zaman shago ko ofis ko gona, a ce awa goma sau kwana shida, 60 sun tafi. Saura 59. A cikinsu ne salla take, da cin abinci, da wanka, da hanya, da jana'iza, da suna, da gaishe da iyaye. Abin da ya rage bayan wannan shi ne rabon iyali, kuma daga nan ne ake yanko awa goman atisaye. Ba wanda ke yanko su daga shago, don shago ba ya yafewa. Gida ake yanka, saboda gida ne ba ya kai ƙara.

Mu nan ba mu da wurin iyo na gasa, kuma ba na ba kowa shawarar ya je ya gwada kansa a ruwan Matsirga. Amma gudu da keke sun iso mu. Tun da aka fara gasar gudun Legas a 2016, aka kuma yi ta Kaduna a watan Nuwamba na 2020, matasa suka ga abin yana da daraja. Ga kuma maƙwabtanmu na Filato, 'yan wajen Pankshin, da suka yi suna a gudun dogon zango a duk faɗin ƙasar nan. Don haka lissafin da na yi a sama ya shafe mu kai tsaye.

Kafin a ce na tsani masu gudu, bari in ba su haƙƙinsu. Jiki amana ne. Hawan jini da ciwon suga sun yi mana yawa a unguwa, kowa ya san gidan da maigida ya faɗi rana ɗaya ɓarin jikinsa ya shanye, aka bar mace da yara da kuɗin magani. Mutumin da ke motsa jiki don kada ya zama wa iyalinsa kaya, hidimar iyalin yake yi ko da ba ya gida a lokacin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako. Sannan a faɗi gaskiya, da yawa daga cikin masu zagin mai gudu suna kashe awa uku a gidan kallon ƙwallo, ko su kai sha ɗayan dare a teburin mai shayi, ba wanda ya taɓa tambayarsu haƙƙin iyali. Wanda ya kwana yana musun Arsenal da Chelsea ba shi da bakin yi wa mai gudun asuba wa'azi. Akwai kuma wani alheri da ba a cika faɗa ba. A wannan yanki namu da ya sha rikici, duk abin da zai haɗa ɗan Hausa da ɗan Kagoro da ɗan Bajju su jera a hanya ɗaya, su sha ruwa a gora ɗaya, su san sunan juna, abin a riƙe ne da hannu biyu.

Sai dai minti 150 awa biyu da rabi ne kacal. Tsakanin wannan da awa goma akwai awa bakwai da rabi, kuma waɗannan ba likita ne ya rubuta su ba. Sha'awa ce, da son gasa, da daɗin da mutum ke ji in ya ga ya fi jiya. Ba haramun ba ne, amma a kira shi da sunansa. Matsalar tana farawa ne lokacin da mutum ya lulluɓe sha'awarsa da rigar lafiya, har in uwargida ta yi magana ya ce, "Ke so kike in mutu?" Nan ya rufe mata baki da hujjar da shi kansa ya san rabinta ce gaskiya.

Sau da yawa masu wannan harka sukan kawo misalin Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya gudu kilomita 42 cikin ƙasa da awa biyu a ƙasar Ostiriya a watan Oktoba na 2019. Sukan ce ai shi kwana shida yake yi a sansanin atisaye na Kaptagat, iyalinsa na Eldoret, sai ƙarshen mako yake zuwa gida. Haka ne. Amma Kipchoge da gudun yake ciyar da gidansa. Tafiyarsa sansani kamar tafiyar direban babbar mota ce zuwa Fatakwal, ko ɗan citta da ya kai kaya Kano: an rabu don a samo. Mai gudun sha'awa kuwa cire wa gida yake yi. Takalmin gudu kuɗi ne, tayar keke kuɗi ce, rajistar gasa da mota da masauki duk kuɗi ne, ga shi tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya ninka, cutar citta ta shekarar 2023 kuma ta karya jarin mutane da yawa a nan kudancin Kaduna. Wanda ya sayi takalmin gasa alhali kuɗin makarantar yara na zango bai cika ba, ya tauye haƙƙi, komai kyawun niyyarsa.

Akwai kuma kuɗin da ba a gani, kuma shi ya fi tsada. Lokacin da maigida ke kan titi, shi ne daidai lokacin da gida ke tafasa: a tashi yara, a ɗora ruwa, a dama koko, wannan ya ɓatar da safa, wancan bai yi aikin gida ba, jariri na kuka, ga mai kai su makaranta babu. Wannan aiki ba ya ɓacewa don maigida ya fita, kan wani yake komawa, kuma mun san kan wa. In ya dawo daga dogon gudun Asabar ya kwanta kamar gawa har la'asar, a ce yara su yi shiru Baba ya gaji, ka ga gudun awa uku ya cinye yini guda. Shi ya samu lambar yabo da hoto a Facebook, ita kuwa da ta riƙe masa gida ko sannu ba ta samu ba. A ganina a nan ne zaluncin yake in akwai shi: mutum ya ci bashin lokacin wani ba da saninsa ba, kuma ba da niyyar biya ba.

Addininmu ya riga ya warware irin wannan tun da daɗewa, kuma a kan abin da ya fi gudu daraja nesa ba kusa ba. Malamai na ba mu labarin Salmanul Farisi da ya ziyarci ɗan'uwansa Abu Darda'i, Allah ya ƙara musu yarda. Ya tarar da matar gidan ba ta kula da kanta, da ya tambaya ta nuna masa mijin ya juya wa duniya baya, kullum azumi da tsayuwar dare. Salmanu ya ƙi cin abinci sai da mai gidan ya ci tare da shi, ya hana shi tsayuwa sai can ƙarshen dare, sannan ya tuna masa cewa Ubangijinsa da jikinsa da iyalinsa kowanne na da rabonsa a kansa. Da maganar ta je ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya gaskata Salmanu. To in nafila ba ta isa ta cinye haƙƙin mace ba, ina ga tseren keke? Kuma kada mu manta, an ruwaito cewa Annabi ya yi tsere da Nana A'isha har sau biyu, ta wuce shi a na farko, ya wuce ta a na biyu. Ka ga a can gudun ma cikin iyali aka yi shi.

Iyayenmu ma sun san wannan a aikace. Dambe da kokawa ba baƙinmu ba ne, amma lokacinsu kaka ne, bayan an kai amfanin gona gida. Ba a taɓa jin ɗan damben kirki ya bar gona da ciyawa a tsakiyar damina ya tafi neman suna ba. Wasa na da lokacinsa, kuma rumbu ne ke ba shi izini. Abin da ya sauya yau shi ne atisayen zamani ba shi da damina ba shi da rani, agogon hannu da waya kullum suna gaya wa mutum bai yi isasshe ba.

To mene ne adalci? Na farko shawara, tun kafin a biya kuɗin rajista. Ka zauna da ita ka ce, "Maman yara, akwai gasa nan da wata uku, zan riƙa fita kwana huɗu a mako, me za ki ce?" Kuma ka bar mata damar ta ce wannan karon a haƙura, don shawarar da amsarta ɗaya ce umarni ce aka yi wa kwalliya. Na biyu biyan bashi da irin abin da aka ranta. In ka ɗauki safiyar Asabar, ka mayar da yammarta: ka kwashi yaran, ita ma ta je gidansu ko islamiyya ko ta huta kawai. Tsire a leda ba ya biyan awa. Na uku a yi wa abin kaka da damina. Wata biyu ko uku na shirin gasa, sannan a sauko a koma motsa jiki na lafiya. Lokacin goyon ciki da jego, da rashin lafiyar yaro, da jarrabawa, da watan azumi, gasa ta jira. Na huɗu a raba alherin. In har gaskiya ne lafiya ake nema, ita ma uwargida jiki gare ta, hawan jini kuma ba ya tambayar jinsi. A nema mata hanyar da ta dace da mutuncinta, ko tattaki ne da yamma tare da 'yan'uwanta mata, a kuma ɗora yaro a keke ranar Lahadi ya san abin da ke fitar da babansa.

Akwai gwaji guda da kowane mai wannan sha'awa zai iya yi wa kansa ba tare da malami ko alƙali ba. Ranar da ka shirya dogon gudu, ka ɗaura takalmi, sai aka ce yaro ya kwana da zazzaɓi. In ka kwance takalmin ba tare da ka ɗaure wa kowa fuska ba, to kai ke riƙe da gudun. In kuwa ka ji haushin yaron a zuciyarka, ko ka ce "ki ba shi farasitamol, yanzu zan dawo," to gudun ne ke riƙe da kai, kuma lokacin gyara ya yi.

Hausawa na cewa iya ruwa fid da kai. A wannan maganar sai mu ƙara da cewa magidanci ba shi kaɗai yake cikin ruwan ba, akwai waɗanda ke riƙe da rigarsa. Gasa tana dawowa duk shekara, amma yaro ɗan shekara shida sau ɗaya yake shekara shida. Masu gudu su ci gaba da gudunsu, muna yi musu fatan nasara, sai dai su tabbata mutanen gida sun yarda kuma an biya su. Mu kuma 'yan zaman majalisa mu duba namu awannin kafin mu ƙirga na wani.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya zaunar da gidajenmu da yankinmu lafiya, ya ba mu ikon sauke haƙƙin duk wanda ke ƙarƙashinmu. Amin.