Ƙota Ba Ta Yanka

Mu kaɗan ne a Ketare da ke wannan abin, kuma ba mu kiransa sana'a, domin babu wanda ya taɓa ciyar da gida da shi. Bayan La'asar mukan zauna da guntayen itace, da magagari, da samfefa, mu cire ƙotar ƙaramar wuƙa mai naɗewa, irin wadda ake sakawa a aljihu, mu yi mata sabuwa. Yawancinsu daga waje ake kawo su da ƙotar roba mai saurin tsagewa. Jefi-jefi tsohuwar Okapi kan faɗo hannunmu, wuƙar da aka fara ƙerawa a Jamus a 1902, daga baya aikinta ya koma Afirka ta Kudu a 1988. Ranar da aka sami irinta, hira takan yi tsawo.

Aikin ba shi da yawa, sai cin lokaci. A fitar da ƙusoshin da suka riƙe ta, a yanka itace falle biyu daidai da juna, a huda, a mayar, a yi ta gogewa har sai yatsa ya daina jin gaɓa, sannan a shafe da man kaɗanya. Kirya ta fi kowane itace taurin kai, shi ya sa maƙera ke son gawayinta, amma in ta yarda ta goge, sai ta yi duhu tana sheƙi. Marke ya fi ta sauƙin hali, kuma da ma shi manoma suka sani a ƙotar fartanya. Maɗaci ja ne, yana da kyau a ido. Ƙahon sa kuwa wari gare shi in ana aikinsa, har matan gida sukan kore mu zuwa ƙofar gida.

Da a wani wuri ne, da maganar ta tsaya nan. Amma muna cikin ƙasar Ƙanƙara, inda aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya a daren 11 ga Disamba 2020. Mun ga shekarar 2021, lokacin da gwamnatin Katsina ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da wasu wurare, ta hana motoci ɗauko itace daga daji, aka kuma katse layukan waya. Ko itacen da muke sassaƙawa ya zama abin da ba a shiga daji nemansa. Tsohuwar taɓarya da karyayyen turmi muke bi. A irin wannan ƙasa, duk mai ƙawata abin yanka dole wata rana tambaya ta same shi: in wuƙar da ka yi wa ƙota ta zubar da jinin mutum, kana da rabo a ciki?

Amsar da ta fi daɗi a baki ita ce ƙota ba ta yanka. Ƙarfe ne ke yanka, ba mu muka ƙera shi ba, ba mu muka wasa shi ba. Masu tayar da ƙauyuka ma da bindiga suke zuwa, ba da wuƙar aljihu ba. Mun daɗe muna fakewa a nan, har ranar da wani saurayi da ba mu san iyayensa ba ya kawo tasa, ya ce a yi mata ƙotar da ba za ta suɓuce ba ko da hannu ya jiƙe. Muka dubi juna. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, wannan magana ce da mahauci yake faɗa mana, kalma da kalma, haka mai fiɗar ragon layya. Shi kuma ɓarawon waya, da za a tambaye shi, abin da zai nema ke nan.

Daga ranar hujjarmu ta yi rauni. Ƙarfe marar ƙota mai riƙe da shi yake fara yanka. Ƙota ce ke sa ƙarfen ya bi nufin hannu, kuma iya kyawun aikinmu, iya biyayyar da zai yi. Ashe mu ne muke ɗaura auren ƙarfe da niyyar mutum. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Malaman fiƙihu sun riga mu isa wannan mararraba. Sun hana sayar da makami a lokacin fitina ga wanda zai yi ɓarna da shi, kamar yadda suka hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa. Ba su haramta ƙira ba, ba su haramta noman inabi ba. Sun rataya hukuncin a kan abin da mai sayarwa ya sani, ko ya fi rinjaye a zatonsa. Wannan ya sauƙaƙa mana ta wani gefe, ya kuma ɗora mana nauyin da muka fi tsoro, wato mu yi wa mutum hukunci daga fuskarsa. Mun ga abin da irin wannan hukuncin ya haifar a yankinmu, inda kamanni ko harshe kaɗai ya isa a zargi mutum, wani lokaci har ya rasa ransa a kasuwa. Wanda ya ƙi yi wa baƙo aiki don bai yarda da idonsa ba, ya tabbata tsoron Allah ne ya hana shi, ba cutar zargin nan da ta cinye mu ba?

Dattijon cikinmu yana da nasa ra'ayin. Ya ce tun muna yara aka koya mana cewa in za ka miƙa wa mutum wuƙa, ka riƙe wajen kaifin, ka ba shi ƙota. A ganinsa ƙota ce gefen amana a jikin wuƙa, kuma mai kyautata ta yana tuna wa mai ita cewa kayan aiki ne yake riƙe da shi. Maganar ta yi mana daɗi, amma ba mu gamsu duka ba. Takobin da aka yi wa ado da azurfa bai taɓa jin kunyar sara ba.

Saurayin nan dai ba mu kore shi ba, ba mu kuma karɓi aikin nan take ba. Ɗayanmu ya ce, "Samari, zauna ka sha ruwa. Ɗan gidan wa ne kai, kuma wane aiki kake yi da ita?" Ya ce yana taya wani mai tsire aiki a wani gari, ya ambaci sunan garin. Muka ce ya bar wuƙar, ya dawo ranar kasuwa tare da maigidan nasa, za mu yi masa da kirya, kyauta. Ya yi godiya ya tafi.

Damina biyu ke nan bai dawo ba. Wasunmu na cewa wannan ya nuna gaskiyar zatonmu. Wasu na cewa hanyar garin da ya ambata ta lalace a watannin nan, kuma ba kowa ne ya bi ta ya koma gida ba. Wuƙar tana nan cikin gwangwanin da muke ajiye ƙusoshi, falle ɗaya na kiryar a ɗaure, ɗayan ba a huda ba.